Ciyawar Kawu Hamman

Duk wanda ya taɓa ganin wani siririn dattijo a tashar bas ta Sabkha tsakiyar watan Agusta, sanye da rigar sanyi mai kauri da hular ulu har kunne, yana jiran mota hankalinsa kwance alhali kowa na tsiyayar gumi, to Kawu Hamman ya gani. Babu na biyunsa a Dubai. Da yawanku kun tambaye shi dalili, kuma amsar da ya ba ku ita ya ba ni. Gidansa sanyi, ma'ajiyar daskararrun kaji da yake wa gyaran injina a Ras Al Khor sanyi, hanya ce kawai ke da zafi, shi kuwa ba zai tuɓe riga saboda hanya ba.

Ni ce Bilkisu, 'yar yayarsa, wadda kuke kira Nas. Da aka ce in rubuta wani abu a kansa ban yi gardama ba, don ku ziyara kuke kawo masa ku tafi, ni kuwa a cikin firjin nan na zauna tun da na zo aiki a 2017. Kun tuna tulin bargunan da ke bayan ƙofar falo, waɗanda ake miƙa wa baƙo tun kafin a gama amsa masa sallama? Ni ke wanke su. A Kano aka haife ni, a Fagge na girma, sanyi ba nawa ba ne, amma haka na yi shekaru ina shan shayi da safar hannu a ƙasar da rana ke gasa mutane. Duk kuwa saboda ciyawa.

Ga waɗanda ba su taɓa samun izinin ganinta ba, ita dai ciyawar ba ta fi tafin hannu faɗi ba, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Siririya ce, launinta tsakanin kore da toka, a cunkushe wuri guda kamar burushin goge takalmi. Tana zaune cikin wani tsohon kwanon silba da ya huda wa gindi, a kan tebur kusa da taga, daidai inda iskar esi, na'urar sanyaya ɗaki, ke sauka. Ba ƙamshi, ba fure, ko suna ba ta da shi. Ranar da na fara ganinta na ɗauka magani ce, na tambaye shi maganin me take yi.

"Ba ta maganin komai," in ji shi. "Ke da kike nas, maganin me kika taɓa yi mini, ba ga shi na bar ki kin zauna ba?"

Asalinta daga gida ne. Shi da mahaifiyata, wadda yake kira Adda, a ruga aka haife su, a ƙololuwar wani tsauni can bayan Gembu wajen iyakar Kamaru, inda gajimare ke saukowa har ƙasa. A cewarsa wannan ciyawa can sama kawai take fitowa, a tsakanin duwatsu, kuma ko a can sai an duƙa an nema. Shanu ba sa cin ta, don ta yi gajarta harshensu ba ya kama ta. A 2016 ya je hutu, ya hau don ya ga inda aka binne cibiyarsa, ya tarar an dashe wurin kaf da itatuwan turare na katako. Ba ruga, ba alamar kaburburan iyayensu, busasshen ganye ya rufe ƙasa. Yini guda ya yi yana rarrafe kafin ya samu wannan ɗan curin a gindin wani dutse, ya haƙo shi da cokali. Yadda ta shigo ƙasar nan kuwa kada ku tambaye ni. Na dai san akwai safa a cikin maganar, akwai buta.

Niyyarsa ɗaya ce, ya raine ta har ta yi iri, ya ɗauki irin ya koma ya shuka a can sama inda itatuwa ba su kai ba. Ya ce ita kaɗai ce ta rage, in ya mayar da ita haka saniya ta taka, magana ta ƙare. Kafin nan kuma ba shi ba zuwa gida, don bai ga mahalukin da zai bar wa ita ba, har da ni. Shekara ta zagayo, ciyawa ko gezau. Wata ta sake zagayowa, haka. Umma, mahaifiyar tawa, tana can Gembu, inda ta koma bayan rasuwar babanmu, tana jiran ƙaninta, shi kuma yana nan yana jiran ciyawa.

Ruwan famfo bai taɓa shiga kwanon nan ba. Kawu ya ce ruwan teku ne aka yi wa wanka aka kawo mana, mu mu sha tunda mun yarda, ita ba za ta sha ba. Da zafi ruwan da ke ɗiga daga esi yake tarawa. Da sanyi kuwa, ranar da hazo mai laima ya sauko wa garin nan da safe, sai ya shanya yadi a baranda, in ya jiƙe ya matse mata a kai. Ya gwada yadi iri-iri, daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa babu mai kama hazo kamar mayafi. Mayafin wa? Nawa, wani sabo fil da na saya don sunan 'yar abokiyar aikina. Na fito cikin shiri na tarar da shi an murɗe shi kamar tsumman goge ƙasa. Ranar na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ya saurare ni tsaf, da na gama ya ce in gaya masa kantin da na sayo, don wannan ɗin ya fi na baya riƙe ruwa.

Alhaji Sule mai kago, wato aika wa mutane kaya gida, amininsa na Sabkha, shi zai ba ku labarin shayi da bakinsa, amma kullum sai ya rage wani wuri, don haka bari in faɗi yadda aka yi. Ya zo hira wata Juma'a, ya sha shayi, ya waiga bai ga inda zai zubar da guntun ba, sai ya tuttula shi a kwanon ciyawa. Da madara, da sukari.  Kawu ya tashi ya karɓe bargon da ke jikin Alhaji, ya ninke, ya buɗe masa ƙofa. Sauran yinin nan ya ƙare shi yana kwashe ƙasar saman kwanon da ƙaramin cokali, yana wanke ganyen ɗaya bayan ɗaya da auduga.

Sai da ƙaramar Salla ta zo Alhaji ya samu fuskar zuwa ba da haƙuri. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Haba habibi, ciyawa ce fa. Kalas, a bar maganar."

"Kai ma ai nama ne," in ji Kawu, "amma ba wanda ya taɓa juye maka shayi a ka. Na yafe maka duniya da lahira, sai dai daga nan inda kake."

Ya sa na fito da kujera na ajiye a farfajiyar bene, nan aka kai wa Alhaji tuwon Salla. Shi ma Kawu ya fito da tasa kujerar suka yi hira har la'asar, ana dariya ana tafawa. Tun daga ranar nan wajen ya zama falon Alhaji Sule, kuma abota ba ta ragu da komai ba. Shi Alhajin ma cewa ya yi gara haka, aƙalla a waje ƙafarsa ba ta sandarewa.

Sai kuma tafiyar Hatta, garin nan na cikin duwatsu. Waɗanda suka je ba sai na tuna musu ba, don har yau akwai masu jin haushi. Ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan ta shirya fita shan iska a watan Janairu, aka yi hayar bas, aka sayo nama aka sa masa yaji tun da safe don a gasa a can. Wani mai hikima ya ce a ba Kawu amanar kular naman, tunda shi ne masanin sanyi. Ya karɓa da hannu biyu. Duk hanya kular tana kujerar gaba kusa da shi, har bel ya ɗaura mata, mutane na ta yaba riƙon amanarsa. Ni kaɗai jikina ya ba ni.

Muna isa ya sauka da kula ya nufi sama. Aka ɗauka wuri mai inuwa ya je nema. Aka hura gawayi, aka jira, aka gaji, sai direba ya zo yana toshe hanci ya ce a zo a kwashe wasu ledoji da ke bayan mota daidai kan injin. Naman ne, ya kwashe awanni yana dahuwa a hankali, har ya fara tashi.

Ni aka tura in nemo shi. Na same shi can sama ya ciro kwanon ciyawar daga cikin kular ya ɗora a kan dutse, wai ta sha iskar tsauni ko za ta tuna gida ta yi iri. Ya zauna gefe yana alwala. Ina buɗe baki in fara, sai ga wata baƙar akuya ta ɓullo ta bayan dutsen ta kai wa kwanon cafka. Jama'a, mutumin da ke hawa benenmu yana hutawa a kowane hawa, ranar na ga gudu! Ƙafa ɗaya a wanke, ɗaya da safa, buta a hannu, ya bi akuyar nan gangare har sai da ta haye inda ɗan Adam ba ya hawa. 'Yan ganye kaɗan ta samu, amma har ya bar duniya bai sake cin naman akuya da daɗin rai ba, ya ce dabba ce marar kunya.

Da muka sauko mutane na zaune da burodi da shayi, fuska ba annuri. Alhaji Sule ya tambaye shi ko gimbiyar ta ji daɗin tsaunin.

"Wane tsauni?" in ji Kawu. "Wannan ai tsakuwa ce aka sauke aka manta ba a kwashe ba."

Aka ce to naman fa? Ya ce nama gobe ma akwai shi a kasuwa, amma wanda ya san kasuwar da ake sayar da wannan ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Wata baiwar Allah a bayana ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Daga shekarar nan ba a sake ba shi amanar ko ƙanƙara ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne lokacin da esinmu ya mutu a tsakiyar Yuli. Kawu ya buɗe shi da kansa ya ga abin da ya ƙone, sai an kawo sabo, mai kawowa kuma kullum amsarsa bukra inshallah, wato sai gobe. Na ce ya kai ciyawar wurin aikinsa mana. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce can kaji ake daskarewa a cikin duhu, ita sanyi take so, ba mutuwa ba. Sai ya ɗauki hutu. Kullum da safe ya saka kwanon a kula ya tafi wani katafaren kanti, ya samu benci kusa da filin wasan ƙanƙara inda haske ke saukowa ta rufin gilashi, ya zauna da kwano a cinya har a tashi. Da dare kuma a zagaye ta da robobin ƙanƙara. Wani mai gadi ɗan Kumasi ya gaji da ganinsa ya zo ya ce, "Baba, wannan abu na sayarwa ne?" Kawu ya ce a'a, iska suka zo sha. Kafin a gyara esin, mai gadin nan shi ke tare musu bencin tun kafin su iso.

Kowa ya yi dariyar wannan labari, ban da Umma. Ta ji cewa hutun da ya ce ba ya samu don ya zo ya gan ta, ya samu ya kai ciyawa kanti. Ta kira shi, ina zaune, kuma muryarta na fitowa. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, don Umma in ta yi faɗa ta huce. Cewa kawai ta yi, "Hamman, ni da ciyawar taka, wa kake ganin zai fi daɗewa?"

Tana faɗin haka ta kashe. Ya daɗe a zaune da wayar a hannu. Ni kuwa na goyi bayan uwata, na gaya masa magana son raina, na ce tsohuwa ce, ciwon ƙafa ya ci ƙarfinta, shi kaɗai ya rage mata a cikin waɗanda suka sha nono ɗaya. Ya ce ya sani. Ya ce amma ita Adda ba ta hau ta gani ba, ba ta san babu abin da ya rage na iyayensu a wurin nan ba, ko dutsen murhu. Wannan ciyawa ce kawai abin da ƙafar innarsu ta taka da yake raye har yanzu, kuma ba zai je mata hannu rabbana ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, kuma haushin ya fi yawa. Na ce in ta ƙi yin irin fa? Ya ce za ta yi.

A farkon 2021 korona ta kama shi. Aka kwantar da shi a asibitin da nake aiki, lokacin da ba a barin kowa ya shiga dubiya, don haka a cikinmu ni kaɗai ke ganinsa. Ina shiga cikin rigar kariya, ido kawai a waje, amma daga ƙofa yake gane ni, wai ni kaɗai ce nas mai tafiya kamar za ta je rabon faɗa. A karo na farko ya bar mini ciyawar, ba don ya yarda da ni ba, sai don ba yadda zai yi. Kafin in duba numfashinsa sai na amsa tambayoyi, wane ruwa na zuba, na juya kwanon ya fuskanci taga, wa ya shigo gidan. Likita ya ce ya rage magana don ya adana numfashi. Ya rage ta da kowa, ban da ni.

Wata safiya na dawo daga aiki na ga wasu siraran karare sun ɗago sama da sauran ganyen, kowanne da ɗan kai ruwan ƙasa a samansa, ƙanana ƙwarai. Na ɗauka cuta ce ta kama ta a hannuna. Na ɗauki hoto, na saka wayar a leda na kai masa. Jikinsa ya riga ya yi nauyi lokacin. Ya daɗe yana kallo, ya yi mini alama in ƙara girman hoton. Sannan ya janye abin numfashin daga bakinsa.

"Kin ɗauke ta a karkace," in ji shi.

Hawaye na gangara masa ta gefen ido suna shiga kunne, amma bai fasa ba da umarni ba. Kada in taɓa su. In shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashi, in bar su su bushe su zubo da kansu. Daga nan ya ce in kira masa Adda. Na riƙe masa wayar a kunne, da ƙyar maganar ke fita.

"Adda, ta yi. Ki sa a share mini ɗaki."

Na ji Umma ta ce, "Ɗaki a share yake, Hamman. Kai dai ka taho."

Bai kai ƙarshen makon da ya biyo ba. A nan aka binne shi, don lokacin ba a ɗaukar gawa zuwa ko'ina, kuma mutane ƙalilan aka bari suka raka shi. Alhaji Sule na cikinsu, Allah ya saka masa da alheri.

Irin ya zubo kamar yadda ya faɗa. Duk abin da na tara bai cika murfin kwalba ba, in ka yi atishawa kusa da shi ka rasa shi. Ita kuwa uwar, tana gama zubarwa ta soma yin rawaya, ta bushe a cikin kwanonta, duk da ban canza mata komai ba. Na ƙulle irin a cikin farin ƙyallen na ajiye har ƙarshen shekara, da na samu hutu na tafi gida.

Mun hau tsaunin ni da Umma. Na ce ta zauna in je da 'yan uwa, ta ce ba ni na haife ta ba. Babur ya kai mu inda hanya ta ƙare, sauran muka taka, tana dogara sanda tana hutawa, har muka wuce itatuwan muka fita fili inda iska ke kaɗa mutum. Ita ta tona ƙasa da yatsa a tsakanin duwatsu, ita ta zuba, ita ta rufe, ba ta bar ni na sa hannu ba. Ko sun tsiro ko ba su tsiro ba, ban sani ba tukuna, sai damina ta faɗi.

Amma ranar da na isa ita ce ba na mantawa. Da la'asar na sauka, bayan an gaisa an yi kuka na ciro ƙullin na miƙa mata. Ta ɗora shi a tafin hannu tana jinjina shi, babu nauyin komai. Na zaci za ta ce ashe saboda wannan ɗan abin ne ya ƙi zuwa, don ni da kaina na sha faɗin haka. Ba ta ce ba. Ta tashi da sandarta ta nufi ɗakin da ke kusa da nata, na bi ta. An share shi tas, an shimfiɗa sabon zanen gado, ga buta cike da ruwa a bakin ƙofa. Ta ajiye ƙullin a kan matashi, ta fito ta ja ƙofar a hankali. Jikokinta na ta guje-guje a tsakar gida, ta daka musu tsawa ta ce su fita waje su yi wasansu, baƙo ya sha hanya.

Allah ya jiƙan Kawu Hamman, ya gafarta masa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya raya abin da ya raina, ya ba Umma haƙurin rashinsa, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.